Allon Gargaɗin da Makiyayi Bai Fahimta Ba, Wa Aka Rubuta Wa?

Yau ba saitin waya na kawo muku ba. Magana ce a kan allunan gargaɗi da ake kafawa a tashoshin da ke samar da lantarki daga iska, waɗannan manyan fankoki da ake jerawa a fili. Za ka ce mai gyaran waya ina ruwansa da fankar iska? Ɗan yi haƙuri ka ji.

Lokacin da nake koyon aiki, wata rana maigidana ya ba ni wata cajar kwamfuta in buɗe. Na zare ta daga soket da hannuna, don haka a ganina babu sauran wuta a ciki. A jikinta akwai 'yar alama mai kusurwa uku da zanen walƙiya a tsakiya. Na sha ganinta, ban taɓa tambayar ma'anarta ba. Ina kai yatsa kan kafasita, wallahi sai da sukudireba ta yi tsalle daga hannuna, kafaɗata ta yini tana tsami. Maigida ya dube ni ya ce, "Wannan zanen da ka gani, ka ɗauka ado ne?" Ashe kafasita tana riƙe wuta sama da bolt 300 ko bayan an cire caja daga soket. Alamar tana nan, ido na ya gan ta, amma ba wanda ya taɓa karanta mini ita. Tun ranar na gane cewa alamar da ba a fahimta ba, da ita da babu duk ɗaya.

To ka ɗauki wannan ka kai shi gindin fankar iska. Batirin wayarka bai kai bolt 5 ba. Manyan fankokin nan da yawansu suna fitar da wuta bolt 690, sannan taransifoma ta ɗaga ta zuwa dubbai, sau da yawa har 33,000, a tura ta cikin kebul da aka binne a ƙasa. Fukafukan da kake hangowa suna juyawa a hankali kamar masu jin barci, bakinsu a manyan injuna yana gudun da ya haura kilomita 250 a awa. Ga tsawo, wanda ya sa tsawa ke yawan faɗa musu. Wuri irin wannan, allo ɗaya na iya zama tsakanin mutum da kabari.

Kuma kada ka ce abin na Turai ne. A Lambar Rimi ta jihar Katsina akwai tashar iska mai megawat 10, fankoki 37, kowace tana da ƙarfin kilowat 275, a kan turaku masu tsawon mita 55. Kamfanin Vergnet na Faransa ne ya ƙera su. Irin nasu masu fukafukai biyu ne, wayoyin ƙarfe ke ɗaure da turken ta gefe-gefe, kuma ana iya kwantar da su ƙasa idan za a yi gyara. A Senegal akwai tashar Taiba N'Diaye mai fankoki 46, a Kenya kuma akwai ta tafkin Turkana mai fankoki 365. Abin ya riga ya iso Afirka, kuma ƙaruwa zai yi.

Bari in fara koya maka karatun alamun, don shi ne abin da za ka tafi da shi. Hukumar ISO mai tsara ma'aunai na duniya tana da ƙa'ida mai lamba 7010, wadda ta fara fitowa a 2003. Ita ta daidaita alamun kariya, kuma kashi biyar ne:

1. Jan da'ira da jan layi a gicciye: HANI. Kada ka shiga, kada ka taɓa, kada ka kunna wuta.
2. Mai kusurwa uku, ruwan ɗorawa da baƙin baki: GARGAƊI. Akwai haɗari a nan. Idan da zanen walƙiya a ciki, lantarki ne.
3. Shuɗin da'ira da farin zane: DOLE. Sa hular kwano, sa takalmin aiki, ɗaura igiyar kariya kafin ka hau.
4. Kore mai kusurwa huɗu: TSIRA. Hanyar fita, akwatin taimakon gaggawa, wurin taruwa.
5. Ja mai kusurwa huɗu: KAYAN KASHE GOBARA.

A tashar da aka tsara da kyau, za ka tarar da allo tun daga ƙofar shiga, ɗauke da sunan masu wurin da lambar da za a kira idan wani abu ya faru. Kowace fanka tana da lambarta a jiki, don mai neman agaji ya iya faɗin daidai inda yake. Ƙofar turke a kulle, da alamar lantarki. Taransifoma da nata gargaɗin. Inda kebul ya bi ta ƙasa akwai shaida don kada wani ya haƙa. Idan ma'aikaci yana gyara, yakan kashe makunni ya sa masa kwaɗo, ya rataya kati da sunansa, don kada wani ya zo ya kunna masa wuta yana ciki. Hatta jar fitilar da ke ƙyaftawa a saman fanka da dare alama ce, ta matuƙan jirgin sama. A ƙasashe masu sanyi har allon gargaɗin ƙanƙara suke sakawa, saboda takan daskare a fiffike ta ɓalle ta faɗo.

Duk wannan ya yi. Amma ga inda nake da magana. Waɗannan ƙa'idoji sun fi tunawa da injiniya, wanda dama an ba shi horo kuma ya san abin da ke ciki. Tashar iska kuwa ba kamar masana'anta ba ce da za a zagaye da katanga a sa maigadi a ƙofa ɗaya. Fili ne mai faɗi, kuma a ko'ina a duniya ana noma da kiwo a tsakanin fankoki. Wa ke wucewa ta wurin kullum? Manomi da fartanyarsa. Yaro mai kora shanu. Mata masu neman itace. Ɗan acaɓa da ruwa ya tare, yana neman inda zai fake. Waɗannan su ne maƙwabtan fanka na gaskiya. Idan aka rubuta musu DANGER da manyan baƙaƙe aka tafi, an fita haƙƙin takarda, ba a fita haƙƙin mutum ba.

Ra'ayina shi ne, duk tashar iska da za a kafa a ƙasar Hausa, doka ta tilasta abu huɗu. Na ɗaya, gargaɗi da Hausa, a boko da ajami. Mutane da yawa da ba su yi boko ba suna karanta ajami sarai, shi ya sa ma yake jikin takardar naira dubu. Inda makiyaya ke bi a ƙara da Fulatanci. Na biyu, allon ya faɗi abin da zai faru da abin da za a yi: "Wuta mai kisa, kada ka taɓa." "Idan hadari ya taso, ka yi nisa da nan." Na uku, a riƙa duba allunan lokaci-lokaci ana sauya waɗanda suka koɗe. Na huɗu, a je a yi wa mutane bayani baki da baki, a fadar mai gari, a masallaci, a makarantar allo da ta boko, da gidan rediyo.

Na san wani zai ce, ai shi ya sa aka yi zane, zane ba ya buƙatar yare. Malam, ni shaida ne cewa zane ma sai an koya. Wa aka haifa da sanin cewa shuɗin da'ira na nufin dole? Sannan ka lura da allunan bakin titi: jan fenti ne ke fara koɗewa a ranarmu. Alamar "kada ka wuce" mutum ne yana tafiya, an kewaye shi da ja an gicciye. Idan jan ya tafi, me ya rage? Hoton mutum yana tafiya abinsa. Allon da aka kafa don ya hana ka, ya koma kamar yana cewa bismillah.

Wani kuma zai ce 'yan jari bola za su cire allunan su sayar. Gaskiya ne, ana yi. To a yi su da roba mai ƙarfi wadda ba ta da kuɗi a sikeli, ko a buga gargaɗin da fenti a jikin turken kansa. Wanda ya iya kashe biliyoyi ya kafa fankoki, kuɗin fenti ba zai gagare shi ba.

Yanzu saura mu, masu waya a hannu. Mu da muka iya karatu wani lokacin mun fi kowa taurin kai. An ga wuri mai kyau, sai a ce bari a shiga a ɗauki bidiyon TikTok. Ido na kan sikirin, ana ja da baya ana neman fanka ta fito gaba ɗaya, ba a ganin abin da ke bayan ƙafa. Ɗan uwa, idan hanya ta kai ka irin wannan wuri, riƙe waɗannan:

Ka ɗauki hoton allon ƙofa tukuna, don lambar kiran gaggawa ta zauna a wayarka. A Najeriya kuma akwai 112.
Ka yi hotonka daga nesa. Dama daga nesa fanka ta fi kyau a kyamara.
Kada ka tsaya a ƙarƙashin fukafukai, kada ka jingina da taransifoma ko wayoyin da ke riƙe da turke.
Idan ka ji rugugin hadari, bar wurin. Gindin fanka ba mafaka ba ne.
Idan ka ga ƙofa a buɗe, ko kebul a waje, ko hayaƙi, kada ka matsa don ka ɗauka. Ja da baya, duba lambar fankar, ka kira.
Idan allon da Turanci ne kuma ka iya, karanta wa na kusa da kai.

Masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, haka ne, amma an ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Ni na ci sa'a, darasina ya tsaya a tsamin kafaɗa. Wuta mai bolt 33,000 ba ta ba mutum damar ya koyi darasi.

Ga ɗan aiki kafin ka wuce: juya cajarka ko batirin da ke kusa da kai, ka ƙirga alamun da ke jiki. Guda nawa ka san ma'anarsu? Wadda ta shige maka duhu, ɗauko hotonta ka ajiye mana a ƙasa, in sha Allahu za mu warware ta tare. Allah Ya tsare mu baki ɗaya.