Wufar Mota da Kunnen Yaronki



Makon jiya mun yi rakiyar amarya daga Dingyadi zuwa cikin garin Sakkwato. Na shiga motar ƙanena, ni da wata baiwar Allah da goyonta ɗan wata bakwai, muna kujerar baya. Muna hawa kwalta ya kunna kiɗa. Ba a kunne na fara jin sa ba, a ƙirji na ji, har madubin gaban direba yana rawa. Jaririn ya zabura ya fashe da kuka. Uwar ta ba shi nono ya ƙi, ta ce ko zafi ne. Na ɗaga murya na ce wa ƙanena ya rage. Sai da na faɗa sau uku ya ji ni, alhali da zan miƙa hannu da na taɓa kafaɗarsa.

Da muka sauka na sa ya buɗe but. Akwatin lasifika ne ya cinye rabin wurin, jingine da bayan kujerar da muka zauna. Wato tun daga gida kan jaririn nan yana kusan manne da shi.

Ya ce, "Yaya, wannan fa mai tsada ce, ba irin ta masu Keke Napep ba." Na ce tsadarta ba ta shafi kunnen yaro ba. Amma don kada in yi hukunci a kan abin da ban sani ba, sai na zauna ya karantar da ni. Ga abin da na ɗauko, ko zai yi miki amfani ranar da maigida ko ɗanki saurayi ya zo da zancen.

Wufa ita ce lasifikar da ke fitar da sauti mai kauri, dum-dum ɗin da kike ji tun mota tana nesa. Samari suna ta gardama a kan JBL da Pioneer da Kenwood, ko inci 10 da inci 12, amma akwatin da aka sa ta ciki yana da nasa tasiri babba. Akwai rufaffe ruf, wanda sautinsa ke fita a tsabtace, kina jin kowane bugu daban. Akwai mai rami, wanda ya fi ƙara da girgiza. Na farko shi masu neman daɗin sauti suka fi so, na biyu kuwa na masu son a san sun shigo unguwa ne. A ƙasashen Turawa har gasa ake yi ta wanda motarsa ta fi ƙara, ana wuce desibel 150, kuma a wannan matakin ba a barin mutum cikin motar, daga waje ake kunnawa. Su da suka ƙirƙiro abin ke nan.

Sai batun wat. Lambar nan mai girma da ake rubutawa a jikin kwali, ƙarfin da za ta iya ɗauka ne na ɗan ƙiftawar ido. Ta gaskiyar ita ce wadda aka rubuta RMS kusa da ita, kuma ta fi ƙanƙanta sosai. A ganina, in har ba makawa sai an saya, inci 10 a rufaffen akwati ya ishi motar da ke ɗaukar iyali. Abu mai kyau ana jin daɗinsa ko an rage murya. Mai ƙugi da karkarwa shi ke sa hannu ya yi ta komawa wajen ƙarawa.

To bari in dawo inda na fi sani.

Can cikin kunne akwai wani wuri mai kama da dodon koɗi, cike da ƙananan ƙwayoyi masu gashi, kusan 16,000 a kowane kunne. Su ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai yawa tana kwantar da su, in ta yawaita ta kashe su, kuma wadda ta mutu ba ta tohuwa. Babu allura, babu ƙwaya. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne babu jini, babu ruwa, sau da yawa ko ciwo babu, don haka uwa ba ta da abin da za ta gani.

Hirar da muke yi ta yau da kullum wajen desibel 60 ce. A desibel 85, awa 8 ne iyakar da masana suka sa wa babban mutum a wurin aiki. Duk ƙarin 3, lokacin ya ragu da rabi: 88 awa 4, 91 awa 2, in an kai 100 minti 15 ne kacal. Mota mai wufa da gilashi a rufe tana iya kai wannan. Wannan fa lissafin manya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'aunin yara ƙasa da na manya, desibel 75 maimakon 80 na awa 40 a mako, kuma ta ce matasa sama da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraron sauti.

Ba ki da na'urar awo a jaka, na sani. Ki miƙa hannunki. In sai kin ɗaga murya kafin wanda ke iyakar hannun ya ji ki, ƙarar ta yi yawa. A mota, a Keke, a gidan biki gaban lasifikar DJ inda ake jera wa mata kujeru da goyo a baya, duk ɗaya ne.

Kada ki dogara da auduga, ba ta tare dum-dum. Ki nemi a rage, ko ki matsa, ko ki sauka. Na san da nauyi mace ta ce wa direba ko ƙanen miji ya rage kiɗa, musamman ranar biki da ake ganin kamar baƙin ciki kike yi. Ki ce, "Malam, don Allah a rage saboda yaro." Ni dai ban taɓa faɗin haka aka ƙi ba.

Sannan ki riƙa lura. Jaririn da bai zabura in an buga ƙofa, ɗan wata shida da bai waiwayo muryarki, yaron da maganarsa ta yi jinkiri, ko wanda kullum sai "na'am?" da ƙure muryar waya, ko ya ce kunnensa yana ƙugi bayan biki. Kada ki ce taurin kai ne, kada kuma ki ɗiga mai ko ruwan ganye. Ki fara da asibitin da ke kusa da ke a Bodinga ko Shagari, ki nemi a tura ku sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda za a gwada jinsa.

Ƙanena bai cire wufarsa ba, kuɗinsa ya sa. Amma mai riwaya ya sa masa maɓalli kusa da sitiyari da ke kashe ta ita kaɗai, mun kuma yi da shi cewa in akwai yaro a baya a kashe take. Shi kansa ya amsa mini cewa da dare in ya kwanta yana jin wani siririn kuka a kunnen hagu. Ranar Litinin zan raka shi a duba.