Mu sa wa kayanmu suna

Ƴan uwa manoma, makiyaya da masu ƙananan sana'o'i, duk wanda ya zaga Babbar Kasuwar Yamai, ko Katako, ko Wadata, zai ga albarkar ƙasarmu a jere. Ga garin zogale, ga man gyaɗa, ga ƙuli-ƙuli, ga zuma, ga cuku, ga kilishi. Amma mafi yawansu a cikin leda suke, ko cikin gorar roba wadda ba a rubuta mata kome ba. Kusa da su kuma ga kayan waje, kowane da sunansa da zanensa. Mai saye yakan miƙa hannu ga mai suna, ko da namu ya fi shi kyau. Ra'ayinmu shi ne, lokaci ya yi da za mu sa wa kayanmu suna.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Makiyayi yana yi wa raƙuminsa alama da wuta, don in ya ɓace a san mai shi. Kayan da ba su da alama, kowa yana iya cewa nasa ne.

Haka ta faru ga kakanninmu. Shekaru aru-aru fatake suna ɗaukar jemammiyar fatar jar akuya daga ƙasar Hausa, su ƙetare sahara da ita. Daga Maroko ake kai ta Turai. Can sai ta yi suna da "fatar Maroko". Mai kiwon akuyar da majemin da ya sha wahala, ba wanda ya ji labarinsu.

Albasar Galmi ma ta kusa shiga wannan hali. Galmi gari ne na jahar Tawa, kusan kilomita 500 gabas da Yamai. Albasarsa tana zuwa Abijan da Akara da Lome da Kwatano, kuma masu saye suna neman ta da sunanta. A shekarun 2000 wani kamfanin iri na Senegal ya nemi a rubuta masa wannan iri a matsayin nasa, a hukumar OAPI. Ita ce hukumar da ke tsare sunayen kaya da haƙƙin masu su a ƙasashen Afirka 17, har da Nijar, kuma cibiyarta tana Yawunde, a Kamaru. Manoman Nijar suka tashi tsaye, suka ce ba su yarda ba. Sunan Galmi bai tafi ba. A shekarar 2023, a nan Yamai, hukumar ta miƙa wa Nijar takardun shaida na albasar Galmi da na kilishin Nijar. Ma'anar takardar ita ce, ba mai ikon sa wannan suna a kan kayansa sai wanda ya yi su a yankin da aka ƙayyade, bisa ƙa'idar da aka rubuta.

To, wani zai ce wannan zancen manya ne. Ina ruwan mai tuyar ƙuli-ƙuli a unguwar Bukoki da takardar Yawunde? Gaskiya ne, takardar ba za ta zo ta sayar mata da kaya ba. Amma dabarar ɗaya ce, kuma ƙaramar ba ta buƙatar zuwa ofis. Tana buƙatar rubutu kawai, kuma rubutu shi ne abin da muka zauna muka koya a ajin yaƙi da jahilci.

A samu ƴar takarda mai tsabta. A rubuta sunan kayan, da sunan mai yi ko na ƙungiya, da sunan unguwa ko gari. A sa lambar waya. A sa ranar da aka yi kayan. A ƙara ƙaramin zane, kamar ganyen zogale ko ƙwarya ko tauraro, domin yawancin masu sayenmu ba su yi karatu ba tukuna. Wanda bai iya karanta suna ba zai ce wa yaronsa: "Je ka sayo mini man gyaɗa mai tauraro." In an zaɓi suna da zane, kada a riƙa canza su kowane wata. Sunan ya zama gajere, na harshenmu, wanda Bahaushe da Bazabarme za su iya faɗa ba wahala. Muna ganin wasu suna ɗora wa garin gero dogon sunan Faransanci wanda su kansu ba su iya furta shi. Wannan ado ne kawai.

Maganar rana ita ce ta fi damunmu a wannan shafi, domin ta shafi lafiya. Mai yakan daɗe ya yi ɗaci. Gari yakan sha raɓa ya lalace. Gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai lahanta hanta, kuma tuya ba ta kashe wannan guba. Uwar da ta sayi garin kunu don ɗanta tana da haƙƙin sanin ranar da aka niƙa shi. In yaro ya yi zawo bayan ya sha, tana da haƙƙin sanin wurin da za ta koma ta yi magana. Ledar da ba ta da suna ba ta amsa tambaya.

Nan ne wahalar take, kuma ba za mu ɓoye ta ba. Hausawa sun ce suna linzami ne. Ranar da kika rubuta sunanki a kan gora, ba ki da sauran damar zuba mai a gorar da aka tsinto ba a wanke ba, balle wadda ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari. Ranar da mahauci ya sa sunansa, ya rabu da naɗe kilishi a takardar siminti ko tsohuwar jarida. Mudu ba zai ragu ba, kuma ba a gauraya zuma da sukari. Haka nan kada a rubuta cewa garin zogale yana warkar da ciwon sukari da hawan jini da sauran cututtuka. Zogale abinci ne mai gina jiki, wannan ya isa a rubuta. Mai ciwo asibiti ya kamata ya je.

Leda mai kyau da buga takarda suna cin kuɗi, kuma mace ɗaya ba lalle ta iya ba. Shi ya sa muke ba da shawara a yi abin a ƙungiya. Mata goma ko ashirin su haɗa kuɗi, su sa a sassaƙa musu hatimi guda, su sayi leda a sari. Sai dai su zauna tun farko su yanke ƙa'ida: wace irin gyaɗa za a saya, yaya za a tsince ta, wa zai duba kayan kafin a buga hatimi. Wadda ta karya ƙa'ida a hana ta hatimin har ta gyara, ko da ƴar uwar shugaba ce, domin gora ɗaya marar kyau tana ɓata sunan mutum ashirin.

Ƙungiyar da ta yi ƙarfi tana iya zuwa hukumar ANMC a nan Yamai, wadda ke duba ingancin kaya tana ba da shaida. Tana iya neman rumfa a bikin baje kolin SAFEM na sana'o'in mata, inda baƙi ke zuwa daga ƙasashe maƙwabta. Kafin nan, muna roƙon malaman yaƙi da jahilci su ware darasi guda a wannan wata. Kowane ɗalibi ya zo da abin da yake sayarwa, a rubuta takardarsa a allo, a gyara kuskure, sannan ya kwafe ta da hannunsa.