Ma'aunin Ilimin Sana'a: Darasi Daga Marinar Ƙofar Mata

Galibin masu ƙananan sana'o'i da riba kaɗai suke auna ci gabansu, alhali kuwa jarinsu mafi daraja yana ƙirjin gwanayensu. Alal misali, marinar Ƙofar Mata ta Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, ba a littafi ta adana sanin haɗa baba da toka ba, gado ne daga uba zuwa ɗa. Da magada suka ƙaranta, rijiyoyinta da dama suka bushe. Saboda haka ma'auni na haƙiƙa shi ne: yara nawa za su iya haɗa ruwan rini ranar da maigida ba ya nan? Sana'ar da ta rasa ko ɗaya, ko ana ciniki, ta soma karyewa. Wajibi ne mai sana'a ya riƙa ƙidayar magadansa tamkar yadda yake ƙidayar kuɗinsa.