A Kusanto da Hoton Zuciya ga Mutanen Karkara

Mu ƙaddara wani magidanci a Dandin Mahe ya dawo daga gona, sai ciwo ya soke shi a ƙirji farat ɗaya, ya ratsa har gadon baya kamar ana yaga ƙyalle. 'Yan'uwa za su ce gyambon ciki ne. Alhali mai yiwuwa babbar jijiyar da ke ɗauke jini daga zuciya, wadda likitoci ke kira ayota, ita ce ta tsage.

Bangon wannan jijiya hawa uku ne. Hawan jinin da aka daɗe ba a kula da shi ba yakan raunana shi, har hawan ciki ya ɓarke, jini ya kutsa tsakani. Irin wannan tsagewa aka gani a gawar Sarkin Ingila Joji na Biyu a 1760. Idan ta auku kusa da zuciya, kowace sa'a a farkon lamarin ana rasa mutum 1 ko 2 cikin 100 in ba a yi tiyata ba. Ga wani haɗarin kuma: in aka zaci toshewar jijiyar zuciya ce aka ba da maganin tsinka jini, an ƙara wa wuta fetur.

A nan ne hoton zuciya ke da amfani. Kamar yadda jemage ke gane hanya da amsa-kuwwa, haka na'urar ke aika sautin da kunne ba ya ji, ya dawo ya zama hoto. Edler da Hertz suka fara gwada haka a Suwidin a 1953. Cikin 'yan mintoci likita kan ga ko jijiyar ta buɗe, ko jini ya taru kewaye da zuciya. Gaskiya ne ba kowace tsagewa take nunawa ba, sai hoton siti-sikan ya tabbatar.

Ra'ayina shi ne, na'urar danginta ɗaya da wadda ake duba masu juna biyu, don haka bai kamata aikin ya tsaya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kaɗai ba. A samar wa asibitocin Shagari da Boɗinga kan na'urar da ya dace da zuciya, a horar da likitocinsu, domin a san wanda za a garzaya da shi Sakkwato.

Ku kuma ɗalibai, ku matsa wa iyayenku su riƙa auna jini. Rigakafi ya fi magani.