Filin Mata: In Ciki Yana Yawan Zubewa, A Duba Mahaifa

Makon nan zancenmu a kan wata halitta ce ta mahaifa, wadda mace kan zo duniya da ita ba ta sani ba.

Ku sani, sa'ad da 'ya mace take cikin cikin uwarta, mahaifarta kan fara ne da 'yan hanyoyi biyu sirara, ɗaya dama ɗaya hagu. Su ne kan haɗu su manne, sa'an nan shamakin da ke tsakaninsu ya narke, su zama ɗaki guda. To, wani lokaci shamakin nan ba ya narkewa, sai ya raba ɗakin biyu. Wani lokaci kuwa ba su gama mannewa ba, sai mahaifa ta yi ƙaho biyu. Wanda ba a cika gani ba shi ne su ƙi haɗuwa sam, mace ta tashi da mahaifa biyu, kowace da bakinta.

Wani ƙiyasi da likitoci suka buga a 2011 ya nuna cikin mata 100, wajen 5 ko 6 suna da irin wannan halitta, babba ko ƙarama. Cikin masu ɓari kuwa sun kai 13. Da yawa sukan haihu lafiya lau. Waɗansu ko sai ɓari ya yi ta maimaituwa, ko su haifi bakwaini, ko ɗa ya zo da ƙafa.

Ke budurwa 'yar makaranta, saurara. In kina ganin al'ada amma ciwon mara yana ƙaruwa wata bayan wata har ya hana ki zuwa aji, kada kunya ta sa ki yi shiru. Akan sami mai mahaifa biyu wadda hanyar gefe ɗaya ta toshe, jini ya taru ciki. Irin wannan sau da yawa ƙoda ɗaya gare ta, domin ƙoda da mahaifa tare suke tasowa. Gaya wa mahaifiyarki.

Yaya ake ganewa? Da hoton ciki, watau sikanin. Wani likita, Ian Donald, shi da abokan aikinsa suka bayyana amfaninsa ga mata a birnin Gilasgo a 1958. Ba allura, ba wuƙa. Sauti ne da kunne ba ya ji ake turawa ciki, ya dawo ya zana siffar mahaifa a fuskar na'ura. An fi ganin siffar sosai sa'ad da mace ba ta da ciki, saboda haka kada ki jira sai kin sake ɗauka. Ki roƙa a duba ƙoda kuma.

Ku matan Barnawa, Narayi da Sabon Tasha, ga Asibitin Gwamna Awan da na St. Gerard nan Kakuri kusa da ku. In ana bukatar ƙarin bincike, a ƙetare gada zuwa Asibitin Koyarwa na Barau Dikko. Likita ne zai faɗi ko abin na aiki ne, ko kuwa zuwa awo a kan kari da haihuwa a asibiti sun isa.

Uwar miji, kada ki ɗora wa surukarki laifi, kada kuma a zargi kishiya da sammu. Halitta ce daga Allah, kuma sanin cuta shi ne mafarin magani. Allah ya ba mu zuriya mai albarka, amin. Sai mako mai zuwa.