Ɗan makaranta ba sito ba ne

Daga wani ɗalibin aji SS 2, Ƙungiyar 'Yan Jarida



A zangon karatun da ya wuce sau uku ana tsare ni a bakin get saboda makara, kuma duk lokacin da aka tambaye ni dalili sai in ce rashin mota ne. Yau zan faɗi gaskiya: tasha nake biyawa. Yayata tana sayar da atamfa da mayafai da turaren wuta ta WhatsApp da Instagram, ni kuwa ni ne sitonta, ni ne mai ɗaure kaya, ni ne kuma ɗan aike. Na san ba ni kaɗai ba ne a makarantar nan, domin na sha yin kiciɓis da wasu daga cikinku a tasha da sassafe, kowa sanye da yunifom da ƙullin kaya a hannu, mu gaisa da ido mu wuce.

Ɗakin da muke kwana ni da ƙanena rabinsa kwalaye ne. Oda ta fi shigowa da dare, lokacin da mata suka gama aikin gida suka ɗauki waya. Bayan sallar isha'i sai Yaya ta fara kira daga falo: "Ɗauko min mai ruwan goro ɗin nan, turmi biyu." In nemo, in naɗe a leda, in ɗaure da salatif, in rubuta suna da gari da lambar waya. Kafin a gama sha ɗaya ta wuce. Da asuba in kama hanyar tasha, in yi ciniki da 'yan kamasho, in karɓi lambar direba in tura wa Yaya, ita kuma ta tura wa mai kaya. Daga nan ne zan nufo makaranta. Aikin gida kuwa a cikin A Daidaita Sahu nake yinsa, shi ya sa rubutuna yake kamar tafiyar kaza.

Ra'ayina shi ne: duk sana'ar intanet da ta kai matsayin da sai an hana ɗan makaranta barci kafin kaya su fita, to ta girmi ɗakin kwana. Lokaci ya yi da za a miƙa ajiya da ɗauri da aikawa ga waɗanda aikinsu ke nan, a biya su.

Wannan aiki sana'a ce mai zaman kanta a duniya. A shekarar 2006 kamfanin Amazon na Amurka ya buɗe manyan rumbunansa ga ƙananan 'yan kasuwa. Ɗan kasuwa ya aika kayansa can, a ƙirga, a liƙa wa kowane lamba, a ajiye. Idan mai saye ya yi oda, ma'aikacin rumbun ne zai ɗauko, ya sa a kwali, a aika, in ma an dawo da kayan su ne za su karɓa. Mai kaya yana biyan kuɗin ajiya gwargwadon wurin da kayansa suka ci da daɗewarsu, sannan ya biya wani abu a kan kowace oda. A ƙasarmu ma kamfanin Jumia, wanda ya fara aiki a Legas a 2012, yana da irin wannan tsari. Waɗanda ke ɗaukar darasin Kasuwanci za su tuna cewa ajiyar kaya tana cikin abubuwan da ke taimaka wa ciniki, tare da sufuri da banki da inshora da talla. Mun haddace shi don jarrabawa, ba mu lura a gidajenmu mu ne muke yinsa kyauta ba.

Da na kawo wa Babanmu wannan magana sai ya ce tsarin Turawa ne, ba zai yi a nan ba. Cikin ladabi nake cewa ban yarda ba, domin kakanninmu sun riga Amazon. Fataken da ke tafiya daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, har kasuwar Salaga da ke ƙasar Ghana ta yau, ba su gina sito a kowane gari ba. Wurin maigida suke sauka. Shi zai ba su masauki, ya ajiye musu kaya, ya haɗa su da dillali, ya tsaya musu idan za a ba da bashi, a fitar da la'ada. Haka baƙin 'yan kasuwa suke yi idan sun zo Kurmi, kasuwar da ke nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, haka kuma masu shanu da masu goro suka yi ta yi a Sabon Ibadan. Falke ya san cewa ba zai iya zama mai saye da mai gadi da mai neman kasuwa a lokaci guda ba. Abin da ya riƙe wannan tsari shi ne maigida sananne ne, yana da gida da iyali da suna a gari, in ya ci amanar baƙo ɗaya labari zai riga shi isa ko'ina.

Hujjar Yaya ta fi ta Baba ƙarfi, kuma ita ce ta fi ba ni wahalar amsawa. Cewa take yi: "Ribar nawa ce a turmin atamfa da har zan raba da wani?" Gaskiya ne ribar ba ta da yawa, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi. Sai dai lissafin Yaya yana da rami. Tana ganin ajiya da ɗauri ba sa cin ko sisi ne saboda ba daga jakarta ake biya ba. Kuɗin A Daidaita zuwa tasha sau da yawa daga kuɗin tarana yake fita. Ɗakin da kwalaye suka cinye ba a sa masa haya. Barcina ba shi da rasit. Sannan akwai kuskure, wanda mai gyangyaɗi ba ya rabuwa da shi. Wata rana na musanya ƙulli biyu, ankon biki da za a kai Kaduna ya tafi Gusau, na Gusau ya tafi Kaduna. Sai da aka biya kuɗin mota sau biyu, ankon bai isa ba sai bayan an ɗaura aure, kuma matar ba ta sake sayen ko ɗankwali a wurinmu ba. Da a ce Yaya ta rubuta wannan asara a littafinta, da ta ga cewa ma'aikacin kyauta ma yana da tsada.

Ba ina cewa a kwashi kaya a danƙa wa duk wanda ya buɗe shafi a intanet ya ce shi mai dilibari ne ba. A nan ma sai mu koma ga fatake: sun san gidan maigidansu. Kaya in sun bar idonka, ba ka ganin danshi ko ɓera ko hannun ɓarawo. Ga kuma gobara. Mutanen Kano ba su manta da wadda ta cinye kasuwar Sabon Gari a 2016 ba, kuma wuta ba ta tambayar kayan waye a cikin shago. Don haka kafin turmi ɗaya ya fita daga gida sai an je an ga wurin da ido, a ƙirga kaya tare, kowa ya sa hannu. A rubuta a takarda wa zai biya idan kaya sun ɓace ko sun lalace, kuma ko wurin yana da inshora. Mu Hausawa muna jin nauyin cewa a rubuta, kamar zargi ne. To, maigidan da yana zaune a unguwa ɗaya shekara da shekaru, na yau kuwa zai iya kashe waya ya sauya layi.

Wurin da aka fi samun rigima shi ne tsarin nan na sai kaya sun iso a biya. Mai babur ya kai kaya, ya karɓi kuɗi, yaushe kuɗin za su shigo hannun mai kaya? Idan kuma ya sha yawo yana neman "gida na uku bayan masallaci, kusa da mai shayi", ya isa mai oda ta ce ta fasa, wa zai biya kuɗin mai? In ba a yanke wannan tun farko ba, zumunci zai ɓaci a wata na biyu. Haka nan kayan da ba sa tafiya da wuri gara su zauna a gida, domin kuɗin ajiya ba ya tsayawa don kasuwa ta tsaya. Ko Amazon ƙarin kuɗi yake ɗora wa kayan da suka daɗe a rumbunsa.

Akwai abin da ban ga dalilin miƙa shi ga kowa ba, wato zaɓen kaya da magana da masu saye. Matan da ke saye a wurin Yaya ba don ledarta suke zuwa ba. Suna zuwa ne don ta san wace atamfa ce ba ta zuba, kuma in ta ce abu mai kyau ne, to mai kyau ne. Wannan ita kaɗai za ta iya. Ɗaure ƙulli kuwa kowa zai iya, kuma wanda ya yi barci ya ƙoshi zai fi ni iyawa.

Na san wasu malamai za su ce ai taimakon gida tarbiyya ce, kuma yaro yana koyon sana'a. Ban musa ba. Na koyi ciniki a tasha fiye da yadda na koya a aji, kuma ranar Asabar ko lokacin hutu da murnata nake yi. Amma abin da ake koya a ɗaure leda ana gama koyonsa a mako guda, sauran duk maimaici ne, alhali darasin Lissafin da ya wuce ni da ƙarfe takwas ba ya dawowa, WAEC kuma ba za ta tambaye ni lambar direban Gusau ba. Roƙona ga malamanmu shi ne, idan an ga ɗalibi yana yawan makara ko gyangyaɗi, kafin bulala a tambaye shi abin da yake yi da dare. Wataƙila iyayensa za su fi jin maganar daga bakin malami a taron iyaye da malamai.

A namu gidan, sai da Baba ya ga sakamakon jarrabawata ta zangon da ya wuce sannan aka zauna. Yanzu Yaya da ƙawayenta biyu masu irin sana'arta sun haɗa kai sun yi yarjejeniya da wani mai shago kusa da kasuwa, wanda yake da yara biyu masu babur. Atamfa da mayafan da suka fi tafiya ne kawai aka kai, kuma wata uku aka ce za a gwada. Turaren wuta yana nan gida, domin Yaya ta ce ba ta yarda wani ya auna mata shi ba, don haka har yanzu kayan makarantata ƙamshi suke yi, masu tsokanata a aji sai ku ci gaba. Ranar da aka ƙirga kaya a shagon an tarar turmi biyu ba su cika ba, har Yaya ta fara kallon mai shagon da wani irin ido. Bayan mako guda ina gyaran ɗaki na same su a ƙarƙashin katifata.