Gadojin Yapei da Buipe da jirgin fiton Makango: wa yake duba su?

Duk wanda ya taso daga Savelugu da asuba zai je Kumasi ya san wurare biyu da hira take mutuwa a cikin mota. Na farko Yapei, a kan Farin Kogin Volta, na biyu Buipe, a kan Baƙin Kogin Volta. Direba ya rage gudu, tayoyi su daki mahaɗar ƙarfe, idan kuma an yi gamo da tirela a tsakiya sai ka ji gadar tana motsi a ƙarƙashinka. Mun saba, har mun daina tambaya. Amma waɗannan gadoji biyu sun haura shekara 50 suna aiki, kuma kusan duk abin da yake shiga arewacin Ghana ko yake fita daga cikinta ta kansu yake bi.

Yana da kyau matasanmu su san yadda aka yi muka dogara da su haka. A zamanin kakanninmu babbar hanyar arewa ta Salaga take, wato daga Kumasi zuwa Yeji, a ƙetare ruwa, a bi ta Salaga zuwa Tamale. Hanyar fataken goro ke nan tun da can. Da aka kammala madatsar Akosombo a 1965, ruwa ya taru ya zama Tafkin Volta, ya cinye tsohuwar mashigar Yeji, sai manyan motoci suka koma hanyar Kintampo, Buipe da Yapei. Salaga ta koma gefe, tana jiran jirgin fito tsakanin Yeji da Makango. A yau albasar Nijar da ke shigowa ta Bawku, da tumatirin Burkina Faso da ke shigowa ta Paga, da shanu, da siminti, da mai, da kwantenonin da aka sauke a Tema za a kai Wagadugu ko Yamai, duk a kan gadoji biyun nan suke haɗuwa. Waɗanda suka zana su ba su yi lissafin irin wannan kaya ba.

Mun ɗanɗana abin da hakan yake nufi a ƙarshen 2017, lokacin da Hukumar Manyan Hanyoyin Ghana ta rufe gadojin don gyaran gaggawa. Matafiya suka shiga zagaye mai nisa, wasu ta Bole da Wa, wasu ta gabas ta Bimbilla da Yendi, kuɗin mota ya tashi, kayan gwari suka lalace a hanya. Mutane sun yi ƙorafi, kuma suna da gaskiya. Amma mu a ganinmu rufewar ba ita ce abin kunya ba. Abin kunya shi ne sai da hotunan tsagewa da ramuka suka cika rediyo da Facebook kafin a motsa. Gyaran da aka tsara tun da wuri ana iya yin sa gefe-gefe, ana sanar da jama'a watanni kafin lokaci. Gyaran da tsoro ya tilasta kuwa a kan talaka yake faɗowa rana ɗaya.

A nan ne muke so mu tsaya, domin akwai kuskuren da ake yawan yi. Ana cewa matsalar tsufa ce, a gina sabo a huta. Tsufa kaɗai ba ya rusa gada. Gadar Adomi da ke kudu an buɗe ta a 1957, aka rufe ta a 2014 aka yi mata gyara na sosai, aka sake buɗe ta a ƙarshen 2015, ga ta nan tana aiki. Abin da yake cin gada a hankali ƙananan abubuwa ne da ba sa fitowa a hoto: ruwan sama da ya sami tsaga ya shiga cikin kankare ya sa rodi tsatsa, mahaɗar da ta cika da yashi har ta kasa buɗewa da rufewa idan rana ta yi zafi, matashin da gadar take zaune a kai da ya ƙage, da ambaliya da take kwashe ƙasa daga gindin ginshiƙi, musamman a shekarun da aka saki ruwan madatsar Bagre daga Burkina Faso. Kowanne daga cikinsu mai arha ne idan an gan shi da wuri. Sai dai ba a yanka kyalle a kan share magudana, ba a kiran makaɗa don an shafa fenti a ƙarfe.

Ba mu kaɗai ba ne, kuma ba maganar talauci ce kawai ba. A Amurka, a wurin shaƙatawar Walt Disney World da ke Florida, akwai jirgin ƙasa mai tafiya a kan dogo guda a sama, wanda aka fara aiki da shi a 1971, jiragen da ke kansa kuma sun fara aiki tun 1989. A watan Janairun 2018 fasinjoji suka ɗauki bidiyon ƙofa a buɗe jirgi yana tafiya. Kafin nan, ranar 5 ga Yulin 2009, jirage biyu suka yi karo, matuƙi mai shekara 21 ya rasu, bincike kuma ya nuna ba ƙarfe ne ya gaji ba, an ba da umarnin tafiya ne alhali ba a juya dogo yadda ya kamata ba. Kamfani ne mai kuɗi, amma sakaci bai tambayi aljihunsa ba. A Italiya gadar Morandi ta rushe a Genoa ranar 14 ga Agustan 2018, mutum 43 suka mutu. Wanda ya fi ba mu tsoro shi ne na Morbi a Indiya, ranar 30 ga Oktoban 2022: tsohuwar gadar masu tafiya a ƙafa ta tsinke da jama'a 'yan kwanaki bayan an sake buɗe ta daga gyara, fiye da mutum 130 suka halaka. Ashe jin an ce "an gyara" ba ya wadatarwa, sai an san me aka gyara da wanda ya sa hannu cewa ta yi.

To ina kuɗin kulawa yake? Ghana ta kafa Asusun Hanyoyi don gyara, mafi yawan kuɗinsa kuma daga harajin man fetur ya riƙa fitowa. A 2017 aka yi dokar da ta sa iyaka a kan abin da irin waɗannan asusu za su riƙe, ragowar ya koma babbar jakar gwamnati. A Nuwamban 2021 aka daina karɓar kuɗin shingen hanya. Kowane mataki yana da hujjarsa, ba mu musa ba, amma wanda ya sha wahala shi ne aikin da ba shi da mai yi masa kamfe. Gadar sama ta Tamale da aka buɗe a 2022 abin alfahari ce, mun yi murna da ita. An kuma sha yi mana alkawarin sababbin gadoji a Buipe da Yapei da Daboya, daga jam'iyyu biyun duka. Ko an gina su gobe, idan halin bai canza ba, jikokinmu za su rubuta irin wannan maƙala a kansu.

Mu ma muna da namu kason, kuma ba za mu ɓoye shi ba. Da yawa daga cikin masu lodin albasa da shanu da hatsi 'yan'uwanmu ne na zango. Injiniyoyi sun daɗe da gano cewa idan aka ninka nauyin da ke kan layin tayoyi ɗaya, ɓarnar da yake yi wa kwalta ba ninki biyu ba ce, tana kusan ninki 16. Buhu talatin na ƙari da mai kaya yake gani riba ce, bashi ne da duk mai bin hanyar zai biya. Idan aka zo wurin awon nauyi aka miƙa ɗan abin shan ruwa aka wuce, mai bayarwa da mai karɓa sun yi tarayya a abin da zai biyo baya. Har yanzu akwai gidajen da suke jimamin haɗarin Kintampo na Fabrairun 2016, inda motar Metro Mass da ta taso daga Kumasi zuwa Tamale ta yi karo da motar tumatir, fiye da mutum 50 suka rasu, rahotanni kuma suka yi maganar birki da yawan fasinja. Allah ya jiƙan su.

Mutanen Salaga su ne suka fi kowa sanin wannan karatu. Kamfanin Sufurin Tafkin Volta, wanda ke ƙarƙashin Hukumar Kogin Volta, shi yake tafiyar da jiragen fito, kuma duk ranar da inji ya tsaya, motocin doya su yi layi a bakin ruwa, mutane kuma su koma kwale-kwale. Tafkin cike yake da kututturan itatuwan da ruwa ya rufe tun shekarun 1960, ga iskar damina, ga lodi fiye da ƙima, ga rigar ceto da wasu suke ƙin sawa wai zafi. Lalacewar babban jirgi ba ta tsaida tafiya, tana tura mace mai goyo cikin ƙaramin jirgin da ya fi hatsari. Idan kuma aka rufe Yapei ko Buipe, wannan mashigar tana cikin wuraren da nauyin zai koma.

Abin da muke nema daga 'yan majalisarmu na Savelugu, Salaga, Yendi da Bawku ba mai tsada ba ne. Su nemi Hukumar Manyan Hanyoyi ta bayyana ranar da aka yi wa kowace gada binciken ƙarshe, da abin da aka gani, da nauyin da aka yarda ta ɗauka, a kafa allo a bakin gadar kowa ya karanta. Haka nan jirgin Makango: a manna takardar bincikensa da adadin mutane da motocin da zai ɗauka a inda ake yankar tikiti. Ƙungiyoyin direbobi da sarakunan zango kuma su zauna da masu lodi kafin kakar albasa mai zuwa, a tsaida adadin buhunan da mota za ta ɗauka tun daga tasha, tun ba a isa Yapei ba.